Lahadin da Ruwa Ya Dawo

Malamar da ke koya mana karatu a ajin manya ta ce zaman ɗaki ya isa haka, sai ta kwashe mu a motar ƙaramar hukuma zuwa wata fadama a gefen Landan, wai mu ga wata dabba da aka dawo da ita ƙasar nan bayan ta daɗe da ƙarewa. Biba suke ce mata. Ta fi gyazbi girma, haƙoranta na gaba ja ne kamar na mai cin goro, wutsiyarta kuma faffaɗa kamar filafilin kwalekwale. Aikinta ke nan ta sare itace da haƙori, ta jawo shi ta datse rafi, ta gina ɗakinta a tsakiyar ruwa, ƙofar tana ƙarƙashi. Ba mu ga ko ɗaya ba, don da rana barci suke yi. Mun dai ga kututturan da suka fere kamar fensir, mun ga datsiyar da suka yi da ƙirare da laka, ruwa ya kwanta a bayanta shiru. Na daɗe ina kallon aikin. Wanda ya yi shi ya san ruwa.

Wani saurayi mai dogon takalmin roba shi ke kula da wurin. Abokin zamana a aji, wani tsoho mutumin Kumasi, ya tambaye shi me ke cinye dabbar nan, tunda ƙasar babu kura babu kada. Saurayin ya ce babu mai farautarta a nan, abin da ke kashe ta tsautsayi ne. Wata itacen da ta sare da bakinta ne ke faɗo mata. Wata mota ce ke take ta a kan titi. Wata kuma takan shiga ragar masu kamun kifi ta kasa fita. Daga nan ya kai mu bayan shinge ya nuna mana wata doguwar kwata ta siminti, bangonta a miƙe, ruwa na gudu a ciki. Ya ce a nan ya tsinci wata matashiyar biba kwanan baya. In sun girma sukan bar iyayensu su tafi neman nasu ruwan. Ita wannan ta bi rafi ta faɗa kwatar, ta yi ta iyo tana neman wurin hawa har ƙarfinta ya ƙare. Ya ce da ya ciro ta, faratanta duk sun cinye don kartar siminti.

Mutumin Kumasi ya yi dariya ya taɓo ni. "Kai Malam, ka ji? Nama na ruwa ya mutu cikin ruwa. Wannan wawa ne."

Ban yi dariya ba. Duk ruwan da dabbar nan ta taɓa sani yana da gangare, yana da saiwa da ciyawar da za ta kama. Ba ta yi kuskure a abin da ta sani ba. Na koma mota na zauna a kujerar baya, domin Kawuna ne ya tsaya mini a rai.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, Basarke ɗan Basarke, wato masunci na gado, daga wani ƙauyen masunta a bakin kogin Kwara. In ya nutse, sai baƙi sun fara salati kafin ya ɓullo, kifi a hannu, yana dariya. Mutanen da ya ciro daga ruwa da ransu, har da waɗanda ya ciro gawarsu don iyayensu su samu abin binnewa, ba su ƙirguwa. Yakan ce ruwa kamar sarki yake, ba a raina shi ba a kuma gudunsa, gaisuwa ake yi masa a kan lokaci. Da muna yara kogin na da lokacinsa. Farin ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya biyo baya da sanyi, kowane tsoho ya san zuwansu tun da sauran makonni, daga launin kumfa da irin ciyawar da ke gangarowa. Sai aka gina babbar madatsa a sama da mu. Daga nan kogin ya daina bin shekara, ya koma bin ma'aikata. Su buɗe ƙofa, ruwa ya taso ya tafi da raga da kwalekwale. Su rufe, kifi ya bushe a kan yashi. Kawu bai zauna kuka ba. Ya koyi halin masu ƙofar kamar yadda ya koyi halin damina, har ya gane cewa ran Lahadi ruwa kan kwanta, sai ya mai da ita ranar babban kamunsa. Duk da haka sana'ar su ta lalace, gidan da ake shanya banda har kan danga ya koma ana sayen kifin miya.

A lokacin ne kuɗin mai suka shigo ƙasa. Wani Alhaji da a da yake sarin banda a hannun Kawu ya samu kwangila, kafin a ce haka ya zama mai odar kaya daga Ingila. Ya sayi gida a Barking, wata unguwa a gabashin Landan, don tara kayan, yana neman mutanen da ba za su cuce shi ba, sai ya tuna da mu. Ni na riga na zama saurayi, gemu ya fara fitowa. Haka muka hau jirgin sama, mu da ba mu taɓa ganin Legas ba sai a wannan tafiya.

Barking ta wancan lokacin ba ita ce ta yanzu ba. Yau in na fita ƙofar gidana zan ji Yarbanci, zan ji Hausa, zan sayi daddawa da kuka a shagon kusurwa, in kuma na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Lewisham har tarwaɗa zan samu. A da sai mu yi mako ba mu ga baƙin mutum ba. Abin da nake tunawa sauti ne. Ƙarar kwalaben madara da sassafe a bakin ƙofofi, kukan jiragen ruwa daga nesa cikin hazo, da ƙarar hitar kananzir da muke kwana kusa da ita, warinta ya kama mana riguna. Gidan cike yake da kwali har rufi, firiji da talabijin da keken ɗinki da bandiran shadda, sai wata 'yar hanya a tsakani da mutum ke bi a karkace. Aikinmu ɗauri da ɗauka. Mu naɗe, mu ɗaure da igiya, mu tura a amalanke zuwa wani fili inda ake buga manyan akwatunan katako da za a kai tashar jirgi. Hanyar filin ta bi ta kan wata gada, ƙarƙashinta wani kogi ne da ke gangarawa ya faɗa babban kogin Landan. Kawu bai taɓa wuce gadar nan bai tsaya ba. Wani lokaci mu tarar da kogin cike fal har bakin bango. Wani lokaci mu tarar babu komai sai laka baƙa mai sheƙi, da ɗan siririn ruwa yana bi ta tsakiya. Ya yi ta kallo kwana da kwanaki, ran nan ya gyaɗa kai ya ce, "Auta, su ma suna da ita. Akwai ƙofa a wani wuri. Tasu ma ta fi tamu aiki, sau biyu suke buɗewa a rana."

Ran Lahadi ba ma fita. A zamanin nan Lahadin Ingila kamar makoki take, babu shago a buɗe, babu mai buga ƙusa, titi fayau. Ita ce ranar da ɗalibai 'yan Arewa ke taruwa a gidan Alhaji cin tuwo, Kawu ne mai tuƙi ni ne mai wanke-wanke. Da garin semolina yake yin tuwon, miya kuwa kukar da Alhaji ke kawowa ce. Abin da ke ɓata masa rai kifi ne. Na ƙanƙara kawai ake samu, fari sol babu kai babu ƙaya, yakan ɗaga shi da yatsa biyu ya ce wannan ko jana'iza ta wuce shi. A cikin ɗaliban akwai wani ɗan Kano mai karatun injiniya, siriri mai tabarau, wanda ya fi kowa cin tuwo ya fi kowa tsokanar Kawu. Ran nan Kawu ya kawo maganar ƙofar, ɗan Kano ya ajiye loma ya yi ta dariya har da tari.

"Baba Sarkin Ruwa, wace ƙofa kuma? Teku ce ke shigowa ta koma. Wata ne ke jan ta."

"Wane wata?"

"Watan sama mana. Wanda kuke dubawa ku ɗauki azumi."

Kawu ya juyo ya dube ni, ya dubi sauran. "Kun ji abin da gwamnati ke kashe wa kuɗi. Yaro, wannan watan ba shi ne a garinmu ba? Shekara nawa yana wucewa ta kan Kwara, ban taɓa ganin ya ja ko cikin ludayi ba. Sai da ya zo Ingila ya samu aiki?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ɗan Kano ya ce wallahi a littafi yake. Kawu ya ce to a littafin ya tsaya, ya ƙara masa miya ya ce ya ci ya yi ƙiba, kan Kanawa sai da tuwo yake daidaita. Ni ma na yi dariya. Maganar Kawu ta fi shiga hankali, domin mun ga ƙofa da idonmu a gida, ba mu taɓa ganin wata ya ja ruwa ba.

Wata safiya muka ga wani tsohon Bature a gindin gadar da bokiti, a ciki akwai wani dogon kifi mai santsi, kamar gaiwa amma ya fi ta sirantaka, yana murɗawa da ransa. Kawu ya tsuguna ya taɓa shi, na ga fuskarsa ta canza kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu. Tun daga ranar ya fara saƙa gura, wato tarkon kifi, da ragowar waya da igiyar ɗaurin kaya. Ya ce bakin bango na yara ne, kifin kirki yana cikin siririn ruwan nan na tsakiya, can za a kafa. Abin da ya rage kawai a samu ranar da ba a buɗe ƙofa.

Alhaji ya bi kayansa gida, ɗalibai suka shiga jarrabawa suka ɗauke ƙafa, sai ga Lahadi ta zo ba mu da baƙi. Sanyi ya fara shigowa, ganye na zuba. Muka karya kumallo muka fita da hantsi, Kawu da gurarsa a kafaɗa, ni da igiya da bokiti. Muka bi ƙasa da gadar, ta bayan wasu ɗakunan ajiya da aka kulle, har inda kogin ya yi faɗi. Ruwa ya janye sarai. Kawu ya nuna mini da haɓa. "Ka gani? Sun rufe tun jiya sun tafi gidajensu."

Ya cire takalmi ya naɗe wando ya sauka. Ya ce in tsaya a kan duwatsun baki. Lakar kogin garinmu tana da ƙasa, in ka nutse zuwa ƙwauri sai ka taka yashi. Ya yi ta tafiya yana zaro ƙafa da ƙyar, yana waiwayowa yana yi mini ba'a. Ya kusa kaiwa ruwan tsakiya sai ƙafarsa ta dama ta tafi har gwiwa. Ya dafa da ta hagu don ya zaro ta, ita ma ta tafi. Ya yi yunƙuri, sai ga shi har cinya.

"Kawu, in zo?"

"Ka zo ka yi me? Mu zama biyu? Tsaya nan."

Na ce bari in nemo mutane. Ya ɗaga murya ya ce kada in kuskura in tara masa Turawa su zo su ga Basarke a dashe kamar rogo, gobe a kai labari gida. Ya ce ba abin gaggawa, yini guda ne a gabanmu, bari ya huta ya yi dabara. Haka muka zauna. Wannan zaman shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, fiye da abin da ya biyo baya. Yana cikin laka ni ina kan dutse, muna hira. Ya ba ni labarin wata saniyar Fulani da ta maƙale a fadamarmu aka ciro ta da raƙumi. Ya kwanta a kan gurar don ya raba nauyinsa, wayar ta lanƙwashe ta nutse. Ya gwada haƙa da hannu, duk abin da ya kwashe sai ya koma. Tsuntsayen ruwa farare suna yawo kusa da shi ba su ko tsorata. Daga nesa ana kaɗa ƙararrawar coci.

Akwai wani guntun katako da na ga ya wuce mu yana gangarawa tun da muka zo. Ina zaune sai na sake ganinsa. Yana dawowa, yana hawa sama, ta inda ya fito. A duk rayuwata ban taɓa ganin kogi ya juya da baya ba. Na nuna wa Kawu. Ya daɗe yana kallonsa. Siririn ruwan nan ya fara faɗi, ba igiyar ruwa ba ƙara, yana malalowa a kan lakar a hankali kamar an zubar da man gyaɗa a faranti.

"Jefo igiyar," in ji shi. Muryarsa ta sauya.

Igiyar ba ta kai ba sai da na shiga har gwiwa. Ya ɗaura ta a ƙirji, na ja har tafin hannuna ya tsage, ko motsi bai yi ba, ni ne ma nake ƙara nutsewa. Ruwan ya iso shi, na ji ya ja numfashi da ƙarfi don sanyinsa. Ya ce, "Yanzu je ka kira su. Yi gudu."

Na yi gudu. Layi bayan layi, ƙofofi a rufe, labule a sake, babu kowa. Can na tarar da wani Bature yana wanke motarsa. Ba ni da Turancin da zan yi masa bayani, amma da ya ga lakar da ke jikina da inda nake nunawa, sai ya yar da soso ya ƙwala wa matarsa kira ta buga waya, ya saɓo tsani daga gefen gida muka juya tare. Mutumin nan ban san sunansa ba har yau, ina sa shi a addu'a. Kafin mu iso, lakar duk ta ɓace. Kogi ne cike daga wannan baki zuwa wancan, Kawu a tsakiya, ruwa a ƙirjinsa. Tsanin bai kai ko rabi ba. Na kama bakin igiyar da na bari a kan dutse na sake shiga, Baturen ya riƙe ni ta ƙugu. Sanyin ruwan ya datse mini numfashi kamar an buge ni da taɓarya. Muka ja, mu biyu. Sai na ji igiyar ta saki, muka faɗi da baya. Na ɗauka ya fito. Ashe kwancewa ya yi.

"Kawu! Ka mayar!"

"Koma kan dutse, Auta. Uwarka ba za ta rasa biyu ba." Haƙoransa na kaɗawa, maganar na fita a guntule. Ya ce in gaya wa matarsa ta bar kwalekwalen wa babban ɗansa, kada a sayar. Ya ce in yafe masa. Sai ya yi wani abu kamar dariya ya ce, "Ashe ɗan Kanon nan ya yi gaskiya. Kada ka faɗa masa."

Muna jin jiniyar motar kashe gobara ta iso bayan ɗakunan ajiyar, muna jin suna dukan sarƙar ƙofar shigar mota da aka kulle. Kawu ya fara kalmar shahada, ina amsa masa daga baki da iyakar muryata. Da ruwa ya kai haɓarsa ya ɗaga fuska sama. Na ga ya yi abin da na sha ganin yana yi a gida kafin ya nutse, ya fitar da iska sau biyu, ya cika ƙirji, ya rufe baki. Ruwa ya rufe shi. Na tsaya ina jira. Na san tsawon da yake iya yi, ya fi na kowa. Masu kashe gobarar suka iso da ƙaramin jirginsu suna ihu suna nuna wuri, ni ina kallon inda hularsa ke juyawa, ina jira ya ɓullo, har wani ya yafa mini bargo ya juyar da ni.

Ba su iya ciro shi ba sai da ruwan ya koma da kansa, da yamma lis. Suka shimfiɗa tsani a kan tsani suka rarrafa suka haƙo shi. Yanzu wurin an gina dogayen benaye, an yi hanyar masu keke, an sa ƙarfe a bakin ruwan. Jikata takan duba wayarta ta gaya mini da Turanci lokacin da ruwa zai cika da lokacin da zai janye, har na mako mai zuwa. Nakan ce mata na gode.

A ofishin 'yan sanda aka nemo ɗan Kano ya yi tafinta. Ya zo ba tabarau, idanunsa sun kumbura. Bai ce mini komai a kan wata ba, a ranar ko bayanta, shi ne ma ya taya ni wanke Kawu, muka yi ta zuba ruwa kafin lakar ta fita daga kunnuwansa. Ɗan sandan dattijo ne mai sanyin murya. Ya tambayi sunan mamaci, da garinsu, da abin da ya kai shi cikin lakar, ina faɗa ɗan Kano na juyawa. Daga ƙarshe ya yi wata tambaya, sai ɗan Kano ya sunkuyar da kai bai juya mini ba. Ɗan sandan ya maimaita. Na tambayi ɗan Kano me yake cewa.

"Wai yana tambaya ko Baba ya iya ruwa."

Na dubi ɗan sandan. Yana jira da alƙalami a hannu, ba da wata manufa ba.

"Ce masa ya iya," na ce.